Fadar da Aka Tsaga Biyu: Fashin Baƙi Kan Ginin Tsohuwar Kwalejin Sojan Ruwa ta Greenwich

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna rediyo ya san "agogon GMT". Mai gabatar da shiri zai ce ƙarfe kaza agogon GMT, mu a Najeriya da Nijar mu ɗora awa ɗaya a kai, mutanen Gana kuwa ba ruwansu da lissafi, agogonsu ke nan. To, harafin G ɗin nan sunan wata unguwa ce a kudu maso gabashin Landan, a bakin Kogin Thames, wato Greenwich, wadda masu ita ke furtawa kamar "Girinic". A kan tudun unguwar aka kafa cibiyar nazarin taurari a 1675, kuma ta nan layin da ya raba duniya gabas da yamma ya ratsa, ya yi kudu har ya bi ta Tema a Gana. Amma ba tudun za mu hau ba. A gindinsa, dab da ruwa, akwai wasu manyan gine-gine huɗu na farin dutse da ƙubba biyu masu kallon juna. Daga 1873 zuwa 1998 a nan hafsoshin sojan ruwan Birtaniya suke karatu, shi ya sa har yau ake kiran wurin Tsohuwar Kwalejin Sojan Ruwa.

Sunan yana ɓatar da mutum. Ba a gina wurin don makaranta ba. Kwalejin ta zo ta tarar da gini ne wanda ya haura shekara ɗari da kammalawa, ta zauna shekara 125, ta tattara ta tafi. Kafin ita, tsofaffin sojojin ruwa ne a ciki. Kafin su, fadar sarakuna ce a filin. Abin da na fahimta game da wannan gini shi ne ba a taɓa ɗinka shi daidai jikin wanda ya zauna a cikinsa ba. An yi shi ne don idon wanda ke tahowa ta kogi, kowane mazauni kuma sai dai ya lanƙwasa kansa ya shiga.

Wanda yake so ya fahimci tsarin, ya tsallaka kogin tukuna. Akwai hanyar ƙafa ta ƙarƙashin ruwa da aka buɗe a 1902, tana fitar da mutum a wani ɗan lambu da ke ɗaya gaɓar. Daga can idan ka juyo, abin da idonka zai fara nema shi ne tsakiya. Ido ya saba: fada ko babban masallaci ko majalisa, a tsakiya ake ɗora abin da ya fi komai girma, fikafikai su biyo baya. A nan kuwa tsakiyar babu komai sai sarari. Gini biyu na gaba suna bakin ruwa, sun buɗa sosai da fili a tsakaninsu. Biyun da ke bayansu sun matso kusa da juna, kowanne da ƙubbarsa, da jerin ginshiƙai bibbiyu da suka miƙe zuwa ciki kamar dogarai a layi. Can ƙarshen wannan lungu mai faɗi sai ka hango wani ɗan farin gida mai hawa biyu, wanda idan aka gwada shi da maƙwabtansa kamar ɗan yaye ne a tsakanin ƙarti. Wannan ɗan gida shi ne dalilin komai.

Sunansa Gidan Sarauniya. Inigo Jones ne ya tsara shi, ya fara a 1616 don Anne, matar Sarki James na Ɗaya, aka kammala wajen 1635 a hannun wata sarauniyar daban, Henrietta Maria. Shi ne gini na farko a Ingila da aka yi tsaf bisa salon Italiya na daidaita tsawo da faɗi da ƙidaya. A lokacin, tsakaninsa da kogi akwai tsohuwar fadar jan bulo da ake kira Placentia, inda aka haifi Henry na Takwas a 1491, da 'ya'yansa mata biyu da suka yi sarauta, Mary a 1516 da Elizabeth a 1533. Fadar ta lalace a zamanin yaƙin basasar Ingila. Da Charles na Biyu ya dawo kan gado sai ya sa aka rushe ta, da niyyar gina sabuwa wadda za ta yi gogayya da na Faransa. John Webb, almajirin Jones, ya fara aikin a 1664. Fiffike ɗaya kawai aka tayar kuɗi suka ƙare, aka bar shi tsaye shi kaɗai. Rushe tsohuwar fadar kuwa ya buɗe wa Gidan Sarauniya kallon kogi, abin da bai taɓa samu ba.

A 1692 jiragen yaƙin Ingila da na Holan suka yi galaba a kan na Faransa a La Hogue, a gaɓar tekun Faransa, aka dawo da ɗimbin masu rauni, guragu da masu dungu, babu inda za a kai su. Tsofaffin sojan ƙasa suna da gidansu a unguwar Chelsea ta Landan, wanda aka buɗe a wannan shekarar. Sarkin Faransa Louis na Goma Sha Huɗu ya riga ya gina wa nasa tsofaffin sojojin katafaren gida a Paris. Sarauniya Mary ta Biyu ta ɗauki alwashin yi wa sojan ruwa nasu a Greenwich, amma da sharaɗi: kada a tare wa Gidan Sarauniya kallon ruwa, kuma kada a rushe fiffiken da Webb ya gina. Filin da aka bayar ma an cire masa wani zirin ƙasa mai faɗin ƙafa 115, daidai faɗin gidan, daga ƙofarsa har bakin kogi. A watan Disambar 1694 agana ta kashe Mary tana da shekara 32. Mijinta William ya ci gaba da aikin don tunawa da ita, har takardar kafa gidan aka sa mata kwanan watan Oktoba don sunanta ya fito a ciki. Da tana raye wataƙila da an lallashe ta. Sharaɗin mamaci kuwa wasiyya ne, ba mai taɓa shi.

Sir Christopher Wren aka ba aikin, mutumin da ke sake gina babban cocin St Paul bayan gobarar Landan ta 1666, kuma bai karɓi ko kwabo a kan wannan ba. Zanensa na farko irin wanda kowa zai yi ne: fikafikai biyu, da babban gini mai ƙubba a tsakiya. Aka ce a'a. Tilas ba ta rasa ɗakin kwana: sai ya ɗauki abin da zai zauna a tsakiya ya tsaga shi biyu, zauren cin abinci da ƙubbarsa a yamma, coci da tasa ƙubbar a gabas. Ƙubba biyun ba ado kawai ba ne. A jikin ɗaya akwai agogo, a jikin ɗayar kuma wani faifai mai kama da agogo wanda ke nuna inda iska ta dosa, domin a zamanin jirage masu filafilai sanin iska ya fi sanin lokaci amfani ga wanda ke kan kogi.

An daɗe ana gardama ko dabarar Wren ta yi. Samuel Johnson, sanannen marubucin nan na ƙarni na 18, da ya ga wurin a 1763, cewa ya yi ya fi ƙarfin gidan sadaka, kuma sassansa sun yi nisa da juna, ba su haɗu sun zama abu guda ba. Maganarsa ta farko gaskiya ce. Ta biyun ban yarda da ita ba. Sararin nan shi ke ɗaure gine-ginen huɗu, shi ke jan ido daga ruwa ya bi tsakanin ginshiƙai, ya huta a kan ɗan farin gidan, sannan ya hau tudu. Da an cike shi da gini da an sami wata fada ce kawai cikin fadojin Turai masu yawa. Mai zanen Italiya Canaletto ya zana wurin daga tsallaken kogi wajen 1752, kuma wanda ya riƙe hoton ya tsaya a lambun nan zai ga abin da ya canja kaɗan ne.

An aza harsashi ranar 30 ga Yunin 1696, ba a gama ba sai 1751. Shekara 55, Wren ya rasu tun 1723. Saboda haka ginin ba hannu ɗaya ba ne, ko da yake daga nesa ba za ka gane ba. Nicholas Hawksmoor, mataimakin Wren, shi ya yi zaman wurin shekara da shekaru yana kula da magina, kuma idan ka shiga tsakar gidan sashen Sarki William, ɗaya daga cikin gine-ginen huɗu, za ka ga hannunsa: jan bulo da farin dutse a cakuɗe, tagogi iri-iri, manyan ginshiƙai da suka fi ƙarfin bangon da ke bayansu. John Vanbrugh ya gaji Wren a 1716. Na ƙarshe, Thomas Ripley, shi ya gama sashen Sarauniya Mary. Daga waje ya bi fasalin Wren don kada ƙubba biyun su saɓa, daga ciki kuwa ya sauƙaƙa komai, don aljihu ya riga ya yi sanyi.

Maganar aljihun nan ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce sirrin daɗewar wurin. Sarki ya yi alkawarin fam 2,000 a shekara, wanda ba kullum yake zuwa ba. Ginshiƙin kuɗin daga talakawan teku ya fito: doka ta sa a riƙa cire sisi kowane wata daga albashin duk ma'aikacin jirgin ruwa. Sisin nan dai da kakanninmu suka kashe a kasuwa zamanin Turawa, rabin sule. Har ma'aikatan jiragen 'yan kasuwa ana cire musu, alhali mafi yawansu ba su da hakkin shiga gidan, abin da ya daɗe yana ci musu tuwo a ƙwarya. Sai kuma kuɗin da suka faɗo daga sama. An rataye ɗan fashin teku Kyaftin William Kidd a 1701, a 1705 Sarauniya Anne, wadda ta gaji William, ta miƙa wa gidan dukiyarsa da aka ƙwace, fam 6,472. A 1735 aka ba shi filayen wani basarake, Earl na Derwentwater, wanda aka fille wa kai saboda tawayen da aka yi wa sarki a 1715, filaye ne a arewacin Ingila masu gonaki da ma'adinan dalma. Da wannan gidan ya zama mai dukiyar kansa, abin da mu za mu kira waƙafi. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

'Yan fansho na farko, su 42, sun shiga a 1705 ana tsakar gini. Adadin ya yi ta hawa har ya kai 2,710 a 1814, ƙarshen yaƙe-yaƙen Napoleon. Kalmar da Turawa ke kiran wurin da ita, Hospital, tana kama da asibiti, amma gidan tsofaffi ne. Kowa yana da ɗan ƙaramin ɗakinsa na katako kamar na cikin jirgi, da shuɗiyar kwat da hula mai kusurwa uku, da abinci, da sule ɗaya a mako na taba. Wanda ya yi laifi, maye ko zagi, sai a sa masa rawayar riga ya yi shara kowa na ganinsa. Matansu ba su da wurin kwana a ciki. A cikinsu akwai baƙaƙen fata daga Afirka da tsibiran Karibiyan, domin jiragen yaƙin Birtaniya na lokacin kowane irin mutum suna ɗauka.

Yanzu mu shiga zauren da ya fi komai suna, Zauren Zane. An gina shi ne don tsofaffin nan su ci abinci. A 1707 aka ba mai zane James Thornhill aikin yi masa ado, bisa jinga: fam uku kowane yadi murabba'i na rufi, fam ɗaya na bango, kamar mai sayar da atamfa. Ya shafe shekara 19 a kai, ya gama a 1726, ya rufe kimanin ƙafa murabba'i 40,000 da fenti, aka biya shi fam 6,685. Yau an ajiye wasu dogayen kujeru a tsakiyar zauren don baƙo ya kwanta rigingine ya kalli sama, don wuya ba ta iya ɗauka. Abin da za ka gani a tsakiya William ne da Mary a zaune cikin gajimare, ƙafar William a kan wani mutum da ya faɗi riƙe da karyayyen takobi, wanda kowa a lokacin ya san Sarkin Faransa ake nufi. A gefe ga jirgin yaƙi cike da ganima, ga kogunan Ingila an mai da su mutane, ga masana taurari da kayan awonsu, cikinsu har da John Flamsteed na cibiyar da ke kan tudu, da takardar hasashen kusufin rana na 1715. Ginshiƙan da ke jikin bango ma yawancin sassaƙarsu fenti ne, sai ka matsa kusa za ka gane bangon sumul yake.

Siyasa ce zalla aka shafa a rufi, kuma da yake aikin ya daɗe, sarauta ta yi ta sauya hannu a ƙarƙashin dandamalin mai zanen. An fara da William da Mary, aka sa Anne a rufin ɗakin sama, da aka zo bangon ƙarshe kuma George na Ɗaya ne a kan gado, Bajamushen da aka ɗauko daga Hanover a 1714, sai aka zana shi da 'ya'ya da jikoki don a nuna gidan ya kafu. A kusurwar wannan bango Thornhill ya zana kansa yana kallon mai shigowa, hannu ɗaya a buɗe ta baya. Masu zagayawa da baƙi suna cewa cikon kuɗinsa yake nema.

Akwai fuska ɗaya da ta fi duk sarakunan nan tsaya mini a rai. A cikin siffofin lokutan shekara, wanda ke wakiltar hunturu wani tsoho ne mai farin gemu. Ba ƙirƙira ba ce, ɗan fansho ne na gidan mai suna John Worley, wanda ya yi suna wajen shan giya da baƙar magana, ya kuma rayu har ya haura shekara 90. Shi kaɗai cikin masu gidan ya sami wurin zama na dindindin a zauren, domin da aka gama adon sai aka ga ya fi ƙarfin tsofaffi masu taba da miya. Aka sauke su ɗakunan ƙasa suna cin abinci a can, zauren kuma ya zama wurin da masu hali ke biyan kuɗi su shiga kallo. An gina wa mutum ɗaki, an ƙawata shi har ya fi ƙarfinsa, an ce ya koma ƙarƙashi.

A rufin ɗakin saman an zana nahiyoyi huɗu a siffar mata, har da Afirka, duk suna jinjina wa Sarauniya Anne. Mai kallo daga wajenmu ya kamata ya san abin da ke bayan wannan. A 1713, ana tsakar zanen, yarjejeniyar Utrecht ta ba Birtaniya kwangilar kai bayi 'yan Afirka ƙasashen da Sifaniya ke mulka a Amurka, kuma ƙarfin tekun da rufin ke yi wa kirari shi ke gadin wannan ciniki. Rundunar ce dai bayan 1807 ta koma farautar jiragen bayi a gaɓar Afirka ta Yamma, ita ce kuma ta yi wa Legas ruwan wuta a 1851.

A wannan zaure aka ajiye gawar Admiral Nelson, kwamandan jiragen yaƙin Birtaniya da aka kashe a yaƙin Trafalgar, kwana uku a Janairun 1806, dubban mutane suka yi ta turereniya a ƙofa. Daga 1824 ya zama gidan ajiye zane-zanen yaƙin teku har 1936. Cocin da ke ɗaya ɓangaren kuwa gobara ta cinye cikinsa a 1779, James Stuart ya sake shi da salon Girka mai laushin launi, aka buɗe a 1789. Babban zanen da ke gabansa na Benjamin West ne, kuma labarin tsira daga hatsarin jirgi a tsibirin Malta aka zaɓa, abin da duk wanda ke zaune a kujerun ya san ɗanɗanonsa.

Bayan 1815 yaƙin teku ya lafa, tsofaffi suka yi ta raguwa. Da aka ba su zaɓi a 1865, ko su zauna ko su karɓi fansho su koma cikin iyalansu, yawancinsu suka zaɓi tafiya. Wannan kaɗai ya isa shaida kan yadda zaman fadar yake. Aka rufe gidan a 1869.

Shekara huɗu yana kulle kafin rundunar ta kawo kwalejinta. Lokacin ya dace da babban sauyi: katako da filafilai suna ba ƙarfe da tururi wuri, hafsan da ya iya karanta iska kawai ya zama bai isa ba. A 1870 wani sabon jirgin yaƙi mai suna Captain ya kife saboda kuskuren ƙira, kusan mutum 500 suka halaka. Aka haɗe kwalejin da ke Portsmouth da makarantar ƙirar jirage da ke South Kensington, aka zuba su a Greenwich a 1873, ƙarƙashin Admiral Astley Cooper Key. A nan sai a bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Kwalejin Dartmouth, wadda aka gama gininta a 1905, ita ke karɓar sababbin yara ta mai da su hafsoshi. Greenwich kuwa ta waɗanda suka riga suka sha ruwan teku ce, su dawo su yi lissafi, kimiyya, injiniyanci, ƙirar jirgi, harsuna, daga baya kuma dabarun yaƙi da aikin hedikwata. Shi ya sa ake mata laƙabi da jami'ar sojan ruwa. Ƙasashen waje ma sun turo nasu. Yan Fu, wanda daga baya ya fassara manyan littattafan Turai zuwa Sinanci, a nan ya yi karatu daga 1877 zuwa 1879. A Yaƙin Duniya na Biyu an horar da mata hafsoshi fiye da 8,000 a wurin.

Su ma hafsoshin lanƙwasa kansu suka yi. Dogayen ɗakunan kwanan tsofaffi aka yayyanka aka yi azuzuwa da ɗakunan gwaji. Sai a 1939 Zauren Zane ya koma aikin da aka gina shi dominsa, cin abinci, fiye da shekara 200 bayan gama shi, amma ga hafsoshi ba ga ƙananan sojoji ba.

Mafi ban mamaki cikin abin da aka cusa wa ginin shi ne tukunyar nukiliya. Da Birtaniya ta fara ƙera jiragen ƙarƙashin teku masu aiki da nukiliya, sai aka buƙaci inda za a koya wa hafsoshi sarrafa ta. A 1962 aka girka wata ƙarama mai suna JASON, mai ƙarfin kilowat 10, a cikin sashen Sarki William, wato gini ɗaya da Zauren Zane, a bayan bangayen da aka aza tun zamanin Wren. Ta yi aiki har 1996. Mutanen unguwa da yawa ba su san da ita ba, har ƙaramar hukumar Greenwich ta taɓa ayyana yankinta a matsayin wanda ba ruwansa da nukiliya, alhali ga ta nan a tsakar gida. Fitar da ita sai da aka kai ruwa rana, domin ba a yarda a fasa bangon tarihi ba. An gama kwashe ta a 1999.

Da Yaƙin Cacar Baka ya ƙare gwamnati ta rage kuɗin tsaro, aka yanke shawarar haɗe kwalejojin manyan hafsoshin ƙasa da ruwa da sama wuri guda. A 1995 aka ba dillalan gidaje tallar Greenwich, jama'a suka yi ca, ana tsoron kada a wayi gari ya zama otal. A nan waƙafin nan ya yi ranarsa. Rundunar sojan ruwa ba ta taɓa mallakar wurin ba, 'yar haya ce. Mai shi har gobe ita ce gidauniyar da aka kafa a 1694, wadda ke nan da ranta tana tallafa wa sojan ruwa da iyalansu. Saboda haka ba sayarwa za a yi ba, sabon ɗan haya za a nema. A 1997 UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya, aka kafa wata gidauniya ta musamman wadda ta karɓi hayar shekara 150, sojoji suka sauke tutarsu a 1998. Jami'ar Greenwich ta shigo a 1999 ta kama sassa uku, kwalejin kiɗa ta Trinity ta kama na huɗu a 2001, wato fiffiken nan na Webb da Charles na Biyu ya kasa gamawa. Wanda ya ratsa filin da rana zai ji ana gwajin goge da kakaki ta tagogi, kowa da nasa, ba mai jiran wani.

Wannan tsari, a ganina, ya fi mayar da wurin gidan tarihi zalla. Gini mai wannan girma idan babu mai buɗe taga da safe, babu mai ganin inda rufi ya fara yoyo, shekara ashirin ta ishe shi. Kuɗin hayar ɗalibai, da na masu shirya finafinai da ke yawan ɗaukar wurin, da tikitin baƙi, su ke biyan masu gyaran dutse. Filin kuwa, wanda a zamanin sojoji sai da izini, yanzu kowa na ratsa shi kyauta. Amma abin yana da nasa tsadar: tun 2019 sai ka biya kafin ka shiga Zauren Zane, wanda a shekarun baya ba a biya.

Dalilin kuɗin shi ne gyaran da aka yi daga 2016 zuwa 2019, wanda ya ci kimanin fam miliyan takwas da rabi. Abokan gabar zanen ba yaƙi ba ne, hasken rana ne, da danshi, da zafi da sanyi masu sa fenti ya motsa, da hayaƙi da ƙurar shekaru, da man ƙyalli da masu gyara na baya suka yi ta shafawa wani kan wani har launuka suka dushe. Masu aikin na wannan karon wankewa suka fi yi, ba sabon fenti ba, suka sa labule na rage haske, suka kuma mai da ƙofar shiga ta ɗakin ƙasa don iskar waje ta daina bugun zanen kai tsaye. Wato baƙon yau ta ɗakin da aka sauke tsofaffi yake shiga, sannan ya hau. Lokacin aikin an bar jama'a su hau dandamalin ƙarfe mai tsawon kusan ƙafa 60, su tsaya dab da rufin da Thornhill ya yi don a gani daga ƙasa, inda fuskar da ke da kyau daga nesa ta zama 'yan shafe-shafen buroshi kawai.

A cikin wannan aiki ne, a 2017, masu haƙa a ɗakin ƙasan suka ci karo da ɗakuna biyu na tsohuwar fadar Placentia, har da wani daɓe na tayil, waɗanda aka binne aka yi gini a kansu. A bangon ɗaya akwai wasu 'yan ramuka a jere kamar alkuki. Masu binciken sun fi karkata ga cewa a nan ake ajiye amyoyin zumar fada idan hunturu ya shigo. An bar wurin a buɗe, an kewaye shi, mai zuwa kallon zanen yana iya leƙawa kafin ya taka matakala.